Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Bayan haka, na karanta binciken digirinki, kuma raina ya ɓaci. Asusu ɗari uku na masu hannun jari kika duba, kika ce mai lamba arba'in da bakwai ya fi kowa asara, wai kullum cikin saye da sayarwa yake, dillali na kwashe ribar a kamasho. To wa ya sayar da jarin kamfanin siminti ana gobe zai tashi? Ni ne! Ni da na biya miki kuɗin makaranta, ni za ki tona wa asiri a gaban farfesoshi?

Duk da haka, ki sa hannu a takardar da na haɗo miki, in karɓi hannun jarin da Baba ya bar wa Mama in juya mata. Shekara goma sha biyu takardun jarin suna kwance a akwatin zannuwanta, abin takaici.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa. Wallahi lambobi kawai kamfanin dillancin ya ba ni, babu suna ko ɗaya. Kai ka tona kanka. Kuma tunda ka faɗa, hannuna ba zai hau takardar nan ba.

Haba Yaya, ashe ba ka kai shafi na tamanin ba? Asusun da ya fi kowanne riba, shekara goma sha biyu ba a taɓa shi ba. Siminti, banki, kamfanin sabulu. An yi sayen ƙarshe a watan da Baba ya kwanta asibiti. Sai da wasiƙarka ta zo na gane na waye, na zauna a ɗakin karatu ina hawaye. Abin da ya rage wa Mama kenan, kake so in miƙa wa mai lamba arba'in da bakwai?

Ka yi haƙuri, ka gaida yara.
Ƙanwarka

Ku biyun,

Ina gaishe ku. Duk na ji, kuma kun ba ni haushi. Auta, ki ba yayanki haƙuri, ba a yi wa babba haka. Kai kuma, makullin akwatin yana wuyana, a nan zai zauna.

Ni ban san wata dabarar kasuwa ba. Rubutun hannun babanku ne a jikin takardun, shi ya sa ban sayar ba.

Allah ya yi muku albarka.
Mama