Kada Ka Nemo wa Alkasim Mota

Dogo-Dogo, 9 ga Nuwamba, 1976

Zuwa ga yayana Hambali, a Kwatano, ƙasar Benin.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Mariyama da yara, ya kuma tsare ka daga sharrin ƙarafan tashar jirgin ruwa. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Damina ta yi kirki bana, gero ya cika rumbu biyu, gyaɗa ce dai ta ba mu kunya kamar bara. Maigidana Jibo na nan yana fama da shanu, 'yata Hinda kuma an yaye ta, ba ta bar kowa ya huta ba. Mushe Sale na lakwal, malamin boko, shi ke rubuta mini, kuma na ce masa kada ya rage wa maganata zafi.

Yaya, maganar Alkasim ce, ɗan Baffa Tsoho. Da Inna ta rasu bara an rubuta maka cewa ciwon ciki ne, to yau ka ji sauran. Tsakiyar damina ce, hanyar Dungas ta zama yashi da taɓo, ba motar da ke ratsa ta sai ta Alkasim, mai ja da ƙafa huɗu. Na same shi a ƙofar gida yana ɗaure buhunan wake, zai tafi kasuwar Maigatari. Na durƙusa masa, ni da na girme shi, na ce ya kai Inna gidan likita. Ya ce wai kasuwa ba ta jiran kowa, kuma in tsohuwa ta yi amai a kujera wa zai wanke. Inna fa, wadda ta goya shi lokacin da uwarsa ke kwance! Muka sa ta a amalanke. Ba mu kai rabin hanya ba ta cika, kanta a cinyata, Jibo ya juya shanu muka komo gida.

To, alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Bana kurkunu ya fito masa a gwiwar hagu. Aka ce ya yi haƙuri a riƙa naɗe shi a kara kaɗan-kaɗan, ya ƙi, ya fizga ya katse a ciki. Ƙafa ta kumbura ta yi ruwa, da ta warke sai gwiwa ta sanƙare, ba ta lanƙwasuwa. Motar kuwa ba ta canza giya sai an taka kuloci da ƙafar hagu. Ya ɗauki direba ya gudu, ya ɗauki wani shi ma ya gudu, duk saboda bakinsa. Yanzu motar na nan gindin tsamiya, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Wallahi in na taso daga rijiya da tulu a ka, sai na rage sauri na ƙare mata kallo.

Sai ya ji labarin motar da ke canza giya da kanta, wadda mai ƙafa ɗaya ma zai tuƙa. Aka kai shi Damagaram, aka kai shi Kano. Wani bakanike ya ce masa akwai su, amma na birni ne, da ƙafa biyu suke ja, ko bayan gari ba za su fita ba yashinmu zai riƙe su. Wai masu ƙera motoci ba su cika haɗa biyun a mota ɗaya ba, don motar daji ana son wadda in batir ya mutu a tura ta ta tashi, in ta lalace kowane bakanike ya buɗe cikinta. Mai canzawa da kanta kuwa ba ta tashi da turi, masu neman ta don daji ba su da yawa. Sai dai jefi-jefi wata mai haɗa biyun kan sauka a tasharku. Da jin Kwatano, sai gogan naka ya tuna yana da ɗan'uwa.

Shekaranjiya ya zo gidana a kan jaki, ƙafa a miƙe. Shi da ta'aziyyar Inna ma a tsaye ya yi ta, ya zauna yana ta yaya Balki kaza, yaya Balki kaza, wai in sa baki ka nemo masa, ya san kana jin maganata. Na ba shi ruwa don baƙo ne. Na yi ta jiran ya ambaci Inna, ko da Allah ya jiƙanta ne. Har aka ɗora shi a jakinsa bai ambace ta ba.

Na san halinka, yaya, zuciyarka ba ta riƙo. Za ka ce zumunci, za ka ce yaransa. To yaransa ni na ɗauka. Falmata matarsa ba ta yi mini komai ba, da ita ma muka yi wa Inna wanka, kuma duk ranar da tukunyarsu ba ta hau wuta ba, a kwanona 'ya'yanta ke ci. Amma shi, a bar shi ya zauna ya san nisan hanya ga wanda ba ya iya tafiya. Liman ya ce in yafe, na ce masa ban kai can ba tukuna. Ina haɗa ka da nonon da muka sha, ko kyauta ka ga ana rabon motar nan, ka kau da kai. In kuwa ka aiko ta, ranar da ta shigo garin nan zan kwashe yarana mu koma Waca wajen dangin Jibo, ka dawo ka tarar da ɗakin Inna ba mai share shi.

Ka gaida Mariyama, da Ɗantsoho, da Gimbiya. Jibo na gaishe ka, Goggo Asabe ta ce kada ka manta da man ƙafarta. Alkasim ma ya ce in gaishe ka. Na isar don kada ya zame mini nauyi ranar gobe ƙiyama, kuma saƙonsa na ƙarshe ke nan da zai bi ta bakina.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Balki