Gonar da Ruwa Ya Dafa

Birnin Zanzibar

Zuwa ga Yaya Mashavu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Makame direba ya ce mini ciyawar tekun da kike nomawa ta sake lalacewa. Yaya, ki saurare ni. A gidan tausar da nake aiki, sabulun ciyawar nan baƙi ’yan yawon buɗe ido suka fi saye, kuma kullum sai sun tambayi inda take tsirowa. Maigidanmu yana so ya riƙa kawo su Jambiani duk Asabar su ga gonarki, su tsinka da hannunsu, su ɗauki hoto. Kin ga ba za ki rabu da gonar Mama ba, ga kuma na cefane. Ki yi tunani.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Riziki

Jambiani

Riziki,

Wa alaikumus salam. Muna nan, gwiwa ce kawai ta sa ni gaba. Bakin Makame ba ya ajiye magana, amma gaskiya ya faɗa. Ruwan bakin gaɓa ya yi zafi. In na ɗaure ciyawa a igiya na ja tsakanin turaku, kafin ta yi ƙwari ta yi fari ta zube kamar dafaffen alayyafo. An ce sai dai a matsa can zurfi inda ruwa ke da sanyi. To wa ya koya mana iyo? A bakin teku aka haife mu, amma ruwa bai taɓa wuce mana ƙugu ba. Kin san da Baba ya ga ’yarsa na iyo, da ranar babu mai cin abinci a gidan.

Me baƙin naki za su tsinka, igiya? Amma ki turo su. Wurin nan Mama ta kafa shi, ba na so ya mutu a hannuna.

Yayarki,
Mashavu

Jambiani

Riziki,

Ina gaishe ki. Tunda ba a turo ki tare da baƙin, bari ki ji abin da yayarki ta zama. Ranar Juma’a nakan sayi ciyawa wurin samarin da ke noma a zurfi da kwalekwale. Da safe in ɗaɗɗaure ta a igiyoyina, baƙi su zo su tsinke suna ta murna. Maƙwabciyata Mwanakombo ta same ni ina wannan aiki ta ce, “Mashavu, shuka kike yi ko kitso kike wa teku?” Na ce, “Ke dai je ki ji da kajinki.” Muka yi dariya, na koma gida na sha kuka.

Jiya wata Baturiya ta taka ƙayar teku. Na tsinko ɗanyar gwanda na ɗiga mata ruwanta yadda muka saba, ta dinga ihu sai ka ce yanka ta nake yi. Ya jikin nata?

Allah ya bar zumunci,
Mashavu

Birnin Zanzibar

Zuwa ga Yaya Mashavu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ban haƙuri. Ƙafar matar ta warke, amma ta kai ƙara, maigida ya ce ba za a ƙara kai kowa Jambiani ba. Ya sa an gina tafkin siminti a tsakar gidan tausar, an zuba ruwan teku, an kafa turaku an ja igiyoyi. Babu ƙaya, babu rana, kuma daga nan sai shagon sabulu. Ya ce saura manomiya ta gaske da za ta riƙa zama a ciki tana ɗaure ciyawa. Na roƙe shi ya ɗauke ki. Ɗakina ya ishe mu.

An kuma ce mini an gan ki rungume da jarka a cikin ruwa, wai kina koyon iyo. Yaya, don girman Allah ki bari. Ke kaɗai kika rage mini.

Ƙanwarki,
Riziki

Jambiani

Riziki,

Wa alaikumus salam. Ki kwantar da hankalinki, na bari. Da ƙafata ta bar ƙasa sunan Mama na dinga kira, da tsufana. Masunta ne suka jawo ni waje, yara na kallo.

Yau na cire turakun duka. Waɗanda Mama ta kafa sun ƙi fita sai da na karya su. Da ruwa ya cika na tsaya na duba, ban iya gane inda gonar take ba.

Ina tafe a motar Makame. Ki tambayar mini maigidan naku, zanen kirki zan ɗaura ko yagagge baƙin suka fi so.

Yayarki,
Mashavu