Kifin da Baba ya raɗa wa suna

Talata, 9 ga Disamba, 2014
Duktur, malaminmu na jami'a, ya raba mana aikin bincike. Kowa ya samu kifin Nilu, ni aka liƙa min wani wai shi bull trout, na rafukan duwatsun Amurka da Kanada. Ni Zulfa, 'yar masunci daga Doron Baga, a Alƙahira, ina karanta kifin ruwan ƙanƙara. Ikon Allah.

Juma'a, 12 ga Disamba
Na kira Baba. Na ce masa Turawa bijimi suke ce wa kifin, saboda girman kai da baki. Dariya har da tari. Wai mu muna da giwan ruwa da ragon ruwa, su kuma sa. Na ce ya ba ni sunan Hausa. Ya ce a'a, masunci ba ya raɗa wa kifi suna sai ya san halinsa.

Alhamis, 8 ga Janairu, 2015
Mahara sun shiga Baga. Wayar kowa ba ta shiga.

Lahadi, 11 ga Janairu
Yaya Munir ya kira. Baba ya isa wurinsa Maiduguri da ƙafa. Jirginsa, komarsa, duk sun tafi. Alhamdu lillah, alhamdu lillah. Na yi kuka a jirgin ƙasa na metro, wata tsohuwa tana ta ce min ma'alish, wato in yi haƙuri.

Juma'a, 6 ga Fabrairu
Baba ba ya magana. Yaya ya ce sai ya zauna ƙofar gida ya kalli bango, abinci loma biyu. Na kira, "Lafiya lau" kawai, sai numfashi.
Sanyin unguwarmu Hay el-Sabi' ya ishe ni. Bakhita, abokiyar ɗakina, ta ce in daina tambayarsa lafiya, in yi masa zancen kifi.

Asabar, 14 ga Fabrairu
Ya yi aiki! Na ce masa kifin nan ƙarewa yake yi. Ruwa ya ɗan ɗumama, shi ke nan, ba ya iya zama. An datse masa hanya da madatsai. Ya ce, "Ina yake zuba ƙwai?" Na ce a rafin da aka ƙyanƙyashe shi. Ko ya yi nisa, can yake komawa, yana haura ruwa. Sai ya ce, "Sake faɗa." Na sake. Har katina ya ƙare muna hira.

Juma'a, 13 ga Maris
Yana cin abinci. Shi ya ce Yaya ya kira ni yau. "Zulfa, na samo sunan kifinki. Koma-gida." Na ce wannan ai ba sunan kifi ba ne, Baba. Ya ce yanzu ya zama.

Litinin, 20 ga Afrilu
Baba ya koma Baga. Bayan asuba ya bi motar masu kifi, wai an ce sojoji sun karɓe garin. Yaya ya zazzage ni tas: "Ke da kifin Turawanki!" Wallahi haushin Baba nake ji, tsoho da ciwon ƙafa, me zai tarar can in ban da toka? Na tsani sunan nan. Na tsani kifin ma.

Laraba, 29 ga Afrilu
Ba labari. Kullum ina kan Yaya ya je ya dawo da shi ko da ɗauri ne.

Asabar, 9 ga Mayu
Wani direba ya gan shi a bakin ruwa yana ɗinkin tsohuwar koma. Wai ya rame, amma yana ta yi wa mutane faɗa kan yadda ake ƙulli. Yaya ya ce zai nemi mota gobe. Na ce ya dakata tukuna, hanya ba kyau. Hanya ce kawai dalili.
Na miƙa aikina. Duktur ya sa yatsa a shafin farko, ƙarƙashin sunan Latin inda na rubuta Koma-gida, ya ce wannan kalmar fa? Na ce haka muke kiransa a garinmu.