Harsashin da Ya Faɗi Ƙarƙashin Tebur

Litinin, 3 ga Maris
An sabunta mini lasisin fita da bindiga. Shekara talatin da ɗaya ina ɗan sanda a garin Iloilo, tara da yin ritaya, ban taɓa fita ba ta a ƙuguna ba. Matata Nening ta ce, "Berting, ko tattasai aka aike ka sai da kaya a ƙugu?"

Alhamis, 6 ga Maris
Kasuwa, shagon kofi, da Doming. Tare muka shiga aiki da shi. Na zubar da rabin kofina a wando. Ya ce, "Kai tsoho, hannun nan rawa yake koyo?" Na ce kofin ne ya yi zafi. Ƙarya. Wata na uku ke nan hannun yana mini haka.

Asabar, 8 ga Maris
Da hantsi na zauna goge bindigar. Na zare gidan harsashi, na ajiye ta a tebur, na tashi neman tsumma. Har cikin raina na ɗauka na duba cikinta. Da na dawo na ja bayanta, sai ga harsashi ya yi tsalle, ya gangara ƙarƙashin tebur.

A ɗane take. Bakinta na kallon ƙofar kicin, Nening na tsaye a wurin tana soya kifi.

Ni da na koya wa kurata: kowace bindiga a ɗane take har sai idonka ya gani, kada bakinta ya kalli abin da ba ka son rasawa, yatsa nesa da kunama. Na ukun kaɗai na kiyaye yau. Na kasa cin abinci.

Lahadi, 9 ga Maris
Coci. Ban ji komai daga huɗubar ba.

Laraba, 12 ga Maris
Na gaya wa Doming. Na ɗauka zai yi mini tsiya. Sai ya ɗaga rigarsa: kube na nan, amma tabarau ne a ciki. Shekara biyu, wai, tun ranar da ya manta tasa a banɗakin wani gidan mai. "To me ya sa kake ɗaura kuben?" "In babu shi sai in ji kamar na fito ba wando."

Muka yi dariya har da ƙwalla. Tawa ba ta dariya ba ce.

Juma'a, 14 ga Maris
Na fara yi wa Nening bayani, ta katse ni. Ashe ta ji ƙarar faɗuwar harsashin tun ranar, ta kuma gane. "Shekara arba'in ina wanke kayan ɗan sanda, ban san ƙarar harsashi a siminti ba?" Na ce me ya hana ta magana? Ta ce, "Na ga fuskarka. Ta ishe ka."

Talata, 18 ga Maris
Na cire komai, na duba sau uku, na sa Nening ma ta duba. Bindiga a akwatin ƙarfe, harsasai a wani wurin daban. Makullin na wajenta, don aljihuna ya huje, ba don komai ba.

Na je kasuwa. A jifni, motar hayarmu, na zauna inda na samu, na ba ƙofa baya. Sau biyu hannuna ya kai ƙugu. Ba wanda ya kula.

Ajiye bindigar na ɗan lokaci ne, kafin in ga likita. Ban tambaye ta inda ta sa makullin ba.