Magogin da Aina'u Ta Kawo

Asabar, 3 ga Agusta

Aina'u ta dawo daga ganin gida a Rijiyar Zaki da tsaraba: magogi na ƙarfe mai fuska huɗu, har da mariƙi a ka. Wai nawa ne. Wata bakwai da ɗana Khalilu ya auro ta, ko ludayi ba ta taɓa saya mini ba, sai yau. Na yi godiya na ajiye. Gwangwanin da marigayi Malam ya huhhuda mini da ƙusa yana nan, da shi nake goga kuɓewa tun Khalilu na firamare. Me ya tsare mata?

Litinin, 5 ga Agusta

Ta zaunar da ni tana ba ni karatu. Gefen manyan huji na karas ne da rogo da kuɓewa. Ƙananan huji na ɗanyar citta da tafarnuwa. Mai tsaga na yanka albasa da dankali. Mai ƙaya-ƙayan nan kuwa wai na gyaɗar ƙamshi ne, kada in kai kuɓewa wurin. Sau biyu ta nanata. To ai shi ne ya yi kama da gwangwanina. Wato wanda na iya, shi aka hana ni.

Laraba, 7 ga Agusta

Gwangwanin ya yi ƙafa. Wai ba ta gani ba. Awaki ne suka cinye, ke nan.

Juma'a, 9 ga Agusta

Shekara huɗu da rasuwar Malam, ban taɓa fashin tuwon sadakarsa na Juma'a ba. Kwano shida ake kaiwa ƙofar masallaci, kuma hannun da ke shiga miyar nawa ne kaɗai. Abin da ya rage ina yi masa ke nan a duniya.

Yau ta ce in bar mata gugar kuɓewar, in huta. Ashe nan aka dosa. Yau guga, gobe kaɗa miya, jibi a shimfiɗa wa Inna tabarma a gefe. Na ce a'a. Na goga a mai ƙayar don ta gani. Ya cushe, sai da na yi ta sakace shi da tsinke. Na shiga wanka, na fito na tarar an rufe kwanon, gugar kuma ta fi yadda na bar ta girma. Idona dai biyu.

Lahadi, 11 ga Agusta

Na gaya wa Khalilu. Ya sunkuyar da kai, wai yaushe rabona da awon suga. Ina zancen miya yana zancen asibiti. Bakinsu ɗaya.

Juma'a, 16 ga Agusta

Na kama ta.

Na ɗauki bokiti kamar zan yi wanka, na laɓe bayan danga. Ta ɗauki kwanon, ta zaga bayan rumbu, ta juye gugata a ƙasa ta ja turɓaya da ƙafa ta rufe. Ta fito da wata kuɓewar daga ɗakinta, ta hau gogawa a manyan hujin, sauri-sauri. Raina ya ɓaci. Na fito, na faɗa mata maganganun da ba zan rubuta ba.

Ta durƙusa. Ta ce, "Inna, don Allah ba ni hannunki."

Ta juya shi. Kan yatsu uku a goge, ga tsohon ciwo ga sabo, jini na tsattsafowa. Wallahi ban ji komai ba.

"Tun kafin in je gida nake ganinsa a cikin kuɓewar," in ji ta. "Na rasa bakin da zan faɗa miki."

Na ce Juma'a nawa ke nan tana gani? Ta ce shida da ta yau. Jini a abincin da za a kai masallaci da sunan Malam. Kunya ta hana ni ɗago kai.

Asabar, 17 ga Agusta

Ban fito ba. Na gwada tsinin allura a yatsun. Babu.

Talata, 20 ga Agusta

Khalilu ya kai ni asibiti. Wai suga kan kashe jin yatsu, an sauya mini magani, an ce in nisanci wuƙa. Ban ce sun yi gaskiya ba. Kuma da ta faɗa tun farko, ai da ba a kai ga haka ba. Ko da yake da wuya in saurara.

Juma'a, 23 ga Agusta

Ni na tsinko kuɓewar a bayan gida. Ita ta goga a manyan hujin, ni na danne mariƙin kada ya zame daga faranti. Dole wani ya riƙe, ba wani abu ba. Miyar ni na kaɗa. Yauƙin bai kai nawa ba, amma za a ci.

Tana kwashe tuwon na ji tana cewa a hankali, Allah ya kai ladan kabarin Baba. Ba ta taɓa ganinsa ba ko sau ɗaya.

Na ce amin, sannan na ce mata malmalar ta yi ƙanƙanta. Alhali ba ta yi ba.