Taragon Nana Mai Ƙofar Gefe

Port Augusta

Zuwa ga Nana Zarina,

Assalamu alaikum, tsohuwa mai ran ƙarfe. Ina gaishe ki, ina gaida ƙugun da ya ci amanarki, ina gaida kajinki in karnukan daji sun rage wasu. Ni ƙalau nake, ina nan gareji ina fama da tayoyi.

Anti Feroza ta buga mini waya. Ta ce likita ya gama magana: tun faɗuwar nan da kika yi, ba ki da sauran zama ke kaɗai a Marree, kafin zafin Disamba za ta zo ta tafi da ke Adelaide. Ta ce kin ajiye mata waya tana tsakiyar zance. Na ce ta gode Allah ba kusa take ba, da sanda ta sha.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin san kulob ɗinmu na masu ƙananan jiragen ƙasa na wasa, wanda kike kira taron yara masu furfura. Akwai wani maƙeri a Adelaide da ke zuba ƙananan taragai, irin masu zama a tafin hannu. Ya aiko cewa mu zaɓi tsohon taragon fasinja guda ɗaya, shi zai zuba bana. Nana, zo ki ga rigima. Mista Pascoe, sakatarenmu, yana son taragon cin abinci mai labule. Len Schulz, wanda ke ƙidaya kusoshin jikin tarago har da tabarau biyu, ya kafe sai taragon kwana na manya. Sai na miƙe na ce a zuba na katako mai baranda gaba da baya, na talakawa, wanda ya yi ta jigila a tsohon layin arewa. Len ya ce ai zanensa ya daɗe da ɓata, da me za a auna? Na ce na san inda guda yake, kakata ma a ciki take kwana.

Don haka ina tafe ranar Asabar da tef ɗin awo. Ki dafa miyar kari mai yaji, ki ɓoye sandar.

Jikanki da kika fi so, ko ki yarda ko kar ki yarda,
Dilawar

*

Marree

Dilawar,

Wa alaikumus salam. Da fatan ka isa lafiya. Ka taka mini na'ana'a, ka cinye gurasar capatin da na ajiye don gobe, ka tafi ba ka gyara famfon tanki ba. Allah ya shirye ka.

Ka tambaye ni labarin ƙofar gefe na ƙi tanka maka, don bakinka a cike yake da abinci, ba ka cancanci amsa ba. Lokacin da kakanka ya sayi taragon aka sauke shi a nan, ba ta nan. Ta baranda ake shiga, matakin kuma ya yi tsawo. Ina da cikin uwarka, na kasa hawa, na zauna a ƙasa ina kuka don haushi. Sai ya je ya aro zarto, ya yanka gefen taragon, ya kafa ƙofa da ɗan gajeren mataki. Aikin bai yi kyau ba, shi mai raƙuma ne ba kafinta ba. Amma ta nan na shiga da 'ya'yana duka, ta nan aka fita da gawarsa.

Feroza ta ce ɗakin da ta tanadar mini yana da kafet. In na tafi, maƙwabcina ciyawa zai zuba a nan, ko rana ta cinye katakon. Ni ba mutuwa nake tsoro ba. Ina tsoron in zauna kan kafet ɗin wata rana in nemi kamannin wurin nan a kaina in rasa. Ba inda za ni. Kar ka gaya mata na yi wannan dogon bayani.

Ka riƙa salla a kan lokaci.

Nana

*

Port Augusta

Zuwa ga Dilawar,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin kwamitin kulob, tunda ka ƙaurace wa zama biyu a jere.

Ka san taragonka ne ya ci zaɓe, bayan tsoho Bert ya tuna mana cewa duk cikinmu babu wanda ya taɓa leƙa taragon cin abinci, a kan bencin katako iyayenmu mata suka riƙa raba mana burodi. Na janye nawa ba tare da jin zafi ba. Mun aika wa maƙerin awon da ka kawo, mun amince da kai.

Kamar yadda ya saba, ya zuba samfuri guda ya aiko mu duba kafin ya zuba sauran. Da muka buɗe akwatin, sai ga ƙofa a tsakiyar gefen taragon, da wani karkataccen mataki a ƙarƙashinta, da bututun hayaƙi inda bai kamata ba. Babu taragon da ya taɓa hawa layin dogo da wannan siffa. Sai da aka ba Len ruwa.

Yawancin 'yan kulob sun ɗauka irin wasan nan naka ne, kamar ranar da ka ɗora ƙadangare a jirgin Bert. Wasu na neman a sallame ka. Za a gyara mazubin, samfurin kuma a mayar wa maƙeri ya narkar. Kwamiti na jiran bayaninka kafin zama mai zuwa.

Naka cikin girmamawa,
Hedley Pascoe, Sakatare

*

Port Augusta

Zuwa ga Mista Pascoe,

Ina gaisuwa da ladabi, ina yi wa Len barka da farfaɗowa.

Da na so in ce muku ni makarantar masallaci kawai na yi, Malam bai koya mini zanen injiniya ba, abin da ido ya gani shi hannu ya auna. Amma ba za ku yarda ba, kuma kuna da gaskiya. Da gangan na yi. Na san maƙerin ba ya zuba sauran sai ya aiko guda an duba. Na kuma san ko ƙusa ɗaya ce ta kauce Len zai gani, balle ƙofa. Wato naku zai fito daidai, ba wanda zai cutu, amma kafin nan an zuba guda ɗaya tak mai ƙofa. Shi nake so. Sahihin awon yana wurina, na haɗo da wannan takarda.

Wanda ke cikin akwatinku gidan kakata ne. Kakana ya yanka ƙofar da zarton aro lokacin tana da ciki ta kasa hawa baranda. Yanzu dole ta bar wurin, ta ce ba za ta ba, don tana tsoron mantawa. Ni ban iya lallashi ba, tsokana kawai na iya. Na ce ko in ta ga abin a tafin hannunta za ta yarda ta shiga mota.

Ku kore ni in kun ga dama, na cancanta. Roƙona ɗaya ne, kar a narkar.

Naku mai laifi,
Dilawar

*

Port Augusta

Dilawar,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarka a gaban kwamiti. Bert yana ta face hanci yana cewa mura ce.

Hukunci: ba za ka taɓa jirgin kowa ba har ƙarshen shekara, kuma kai za ka riƙa wanke kofunan shayi. Maƙerin ya ce mu riƙe samfurin, ba sai an narkar ba.

Sai dai akwai matsala. Len ya hana a ba ka. Ya ce in dai gida ne, to an yi shi ba daidai ba: gida ba ya da ƙafafun ƙarfe, kuma ba zai bari abu ya fita daga kulob ɗin nan tsirara ba fenti ba. Ya riga ya cire ƙafafun ya ɗora shi kan gungumen katako. Yana so ya san launin ƙofar, da gefen da rana ta fi ci, da inda tanki yake, da ko tsatsar rufin ta gangaro kan tagogi. Na ce ya tambaye ka, ya ce bai ƙara yarda da bakinka ba. Ranar Lahadi zai tuƙa zuwa Marree ya gani da idonsa. Ka sanar da kakarka, ka kuma gaya mana abin da ake kai mata.

Naka,
Hedley

*

Marree

Dilawar,

Assalamu alaikum. Baturen nan naka Len ya zo karo na biyu, da akwati a hannu. Na farko ya wuni yana zagaya gidan yana leƙe kamar mai neman aure, ya sha shayi kofi kan kofi. Shi ya gyara famfon, ba kai ba.

Na ɗora ɗan taragon a kan tebur. Tun jiya nake dubansa. Har inda fenti ya goge wajen da nake dafawa in zan shiga, ya sa.

Ka ce wa Feroza Alhamis ta yi, zan bi ta. Amma kai za ka tuƙa, ita gudu take yi. Kuma ba za a sa ɗan taragona a bayan mota ba, a cinyata zan riƙe.

Ja'iri. Allah ya yi maka albarka.

Nana