Gurbin Uwar Shayarwa

Kaura Namoda,
Litinin, 6 ga Safar.

Ƙanena Mubashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya Shinkafi, ya aiki, ya haƙuri da halin da ake ciki? Mu nan Kaura lafiya lau, sai godiya. Tun da aka ɗauke mana sabis ɗin waya, ni da na manta yadda ake naɗe takarda, ga ni na yago falle daga littafin darasi ina rubuto maka. Malami direba zai kawo maka. Ka ba shi amsa a hannu, kada ka ce mini gobe.

Maganar manhajar nan taku ce ta zuriya, wadda ka raɗa wa Tsatso da ka fassara ta. Kai ka sa mini ita a waya, kana ta cika baki wai kyauta ce, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara, kuma masu ita suna jin maganar jama'a. Na yarda da kai. Shekara biyu ina bin tsofaffi da waya, na shigar da suna ɗari shida da arba'in.

To har yau babu gurbin uwar shayarwa. Na sa wa mutum uwa biyu, ta ce ba ya yiwuwa. Dole nake cusa maganar a akwatin ƙarin bayani, can ƙasa inda ba mai leƙawa, kuma ba ta fitowa a jikin bishiyar zuriyar da manhajar ke zanawa. Na rubuta musu koke da ɗan Turancina na malamar firamare, suka ba shi lamba 412. Wani ya tambaye ni ko riƙon maraya nake nufi. Na yi bayani dalla-dalla cewa wanda ya sha nonon mace ya zama ɗanta, 'ya'yanta sun haramta gare shi. Shiru. Bayan wata uku na'urarsu ta rufe koken, wai ba mai magana a kai. Na buɗe, ta rufe. Sau huɗu ke nan.

Amma launin ganyen bishiya sun canza shi sau uku. Kuma wallahi, Mubashir, sun yi wa karen gida gurbi. Kare!

Abin da ke damuna, yaran danginmu yanzu da an ce aure sai su buɗe Tsatso su duba. Inna Maimunatu, yayar mahaifiyarmu, ita kaɗai ta rage da ta san wa ya sha nonon wa, don ita ce ungozomar Birnin Tsaba shekara arba'in. Da na je wancan watan sau biyu ta kira ni da sunan marigayiya Umma. Tsoro nake ji ta tafi, a ɗaura auren da bai halatta ba, da hannuna a ciki.

Kai kana cikinsu. Ka yi musu magana.

Yayarka,
Zulaihat

*

Shinkafi,
Alhamis, 9 ga Safar.

Yaya Zulaihat,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na yi dariya har Malami ya tambaye ni ko lafiya. Maganar karen nan gaskiya ce, wani mutum ne ya rubuta gyaran da kansa ya kawo, aka karɓa. Haka abin yake, Yaya. Ba kamfani ba ne. Mutum biyar ne ke da ikon karɓar gyara, kowa da aikinsa na cin abinci, sai sun taso suke taɓa wannan. Koke sama da ɗari tara ke jiransu. Ni kuwa ɗan fassara ne, sai ɗan taya su jera koke-koken, wannan na gaggawa, wannan ya jira. Naki yana layi, ba a manta da shi ba. In sabis ya dawo zan tuna musu, in sha Allahu.

Ki kwantar da hankalinki. Shayarwa ai ba ɓoyayyen abu ba ne, duk wanda aka shayar a wani gida ya sani.

Yanzu ga labari, kuma kada ki yi mini guɗa a tsakar makaranta. Na samu yarinya a Zurmi. Na je gyara wa wata makarantar Islamiyya kwamfuta kafin azumi, na tarar da ita tana koyar da yara lissafi a gindin dogonyaro. Iska na ɗauke mata alli daga kan allo tana bi tana sake rubutawa, ko tsaki ba ta yi ba. Na tsaya da jakata a kafaɗa har aka tashi yara. Tun daga ranar, in na rufe ido bishiyar nan nake gani.

Danginmu ce ta nesa. Na buɗe Tsatso na bi reshe reshe, ba mu haɗu ba sai a kakan kaka. Kin ga amfanin aikinki.

Ki gaida Abban yara da su Rashida.

Ƙanenki,
Mubashir

*

Kaura Namoda,
Lahadi, 12 ga Safar.

Auta,

Amincin Allah ya tabbata gare ka. Na yi guɗar, a ɗaki na yi ta, har Rashida ta shigo da gudu. Allah ya sa alheri, ya nuna mana. Shekara ashirin da tara, ai ka ja mana rai.

Amma ban bar maganata ba. Ka ce ba kamfani ba ne, na ji. Ni ma ba a biyana don in bi tsofaffi rana tsaka ina tambayarsu sunan matattu. Da sun ce mini ba za su yi ba, da na haƙura na koma littafi da biro. Shirun ne ke cin raina. Mutum ya buɗe ƙofa ya ce kowa ya shigo, ka yi sallama shekara biyu ba a amsa ba.

Jiya bayan azahar barci ya ɗauke ni a kan tabarma. Na gan ni a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta nan Kaura, inda dogo ya ƙare. Sai ga jirgi ya shigo a hankali, ba ƙara ba hayaƙi. Mutanen nan biyar suna ciki, kowa da kofin shayi, suna kallon waje. Inna Maimunatu na tsaye a bakin dogo da ƙwarya cike da nono, fari fat, tana miƙa musu ta taga. Ba su ƙi ba, ba su karɓa ba, murmushi kawai suke yi mata. Jirgin ya juya, nonon yana zuba a kan ƙarfen dogo, ya yi layi fari har inda ido ya tsaya. Akwai mutum na shida a taragon baya, ya ba ni baya, ban ga fuskarsa ba. Na farka ana kiran la'asar.

Da na fito na bi ta tashar da gaske. Awaki ne kawai a kan dogon, da buhunan sabon gero da aka jingine a inuwa.

Ka ce duk wanda aka shayar ya sani. Jinjiri ɗan wata huɗu me ya sani? Ka faɗa mini sunan yarinyar, da na ubanta, da na uwar da ta haife ta. Kada ka ce mini ka duba a waya.

Yayarka,
Zulaihat

*

Shinkafi,
Talata, 14 ga Safar.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ke da mafarkinki! Ki rage cin ɗanwake kafin barcin rana.

Sunanta Samira, ɗiyar Alhaji Maitama mai sayar da gero. Asalinsu 'yan Birnin Tsaba ne, rashin zaman lafiya ya maido su cikin Zurmi. Mahaifiyarta Halima ta rasu tun Samira na rarrafe, matar uba ce ta riƙe ta. Na girme ta da shekara shida, don haka in tsoronki shayarwa ne, ko zamanin goyonmu bai haɗu ba.

Kawu Sagir zai kai gaisuwar iyaye Juma'a ta sama. Na sayi goro da alewa. Ki yi mana addu'a.

Mubashir

*

Kaura Namoda,
Asabar, 18 ga Safar.

Mubashir,

Assalamu alaikum. Na karanta takardarka, na ga sunan Halima. Washegari na shiga mota zuwa Birnin Tsaba, don ban so ka ji daga bakina ni kaɗai. Ga abin da Inna ta faɗa, Malam Na'ibi na masallacin Juma'a ya rubuta da hannunsa. Na aika wa Kawu Sagir ya dakata.

Na ɗauka ka sani, wallahi na ɗauka ka sani. Ka buɗe kwamfutarka, na san kana da kwafin koke-koken. Ka karanta 412 har ƙarshe.

Zulaihat

*

Birnin Tsaba,
Juma'a, 17 ga Safar.

Da sunan Allah. Daga Maimunatu zuwa ga ɗana Mubashiru, ɗan ƙanwata. Ina gaishe ka, ina sa maka albarka.

An ce mini na fara rikicewa. Gaskiya ne, abin da na ci da safe ban sani ba. Amma shekarar da anka haife ka tana nan gabana.

Kana da wata huɗu uwarka ta kwanta zazzaɓi mai tsanani, nono ya ɗauke. Anka kawo ka nan cikin zane shuɗi, kuka ya ƙare maka, sai buɗe baki. Damina ce, gero ya kai ƙugu. Munka ba ka madarar shanu, ka mayar. Munka ba ka kunu, ka mayar. Na ce wanga yaro ba ya kai Juma'a.

Sai ga Halima matar Maitama ta shigo aron turmi, da ɗanta na fari a baya, wanda bai rayu ba. Ta dube ka. Ta zauna a kan turmin da ta zo ara, ta ɗauke ka ta sa a ƙirji. Ka kama. Ruwa ya sauko, ba ta tashi ba, ni na riƙe muku faifai a ka. Har yau in hadari ya taso ina ganin ta a wurin nan, ruwa na ɗiga daga bakin faifai, kai kana sha kana riƙe da ɗan yatsanta.

Kwana arba'in tana zuwa, safe da maraice. Maitama yana ci-rani a kudu, bai gani ba. Asiya maƙwabciyata ta gani, tana nan da ranta, ta faɗi gaban Malam. Da uwarka ta tashi anka mai da kai Kaura. Halima ta raka ku har bakin gari tana kuka, ta ce a faɗa maka kana da uwa a nan. Mun ce za mu faɗa. Uwarka ta rasu, Halima ta rasu, mu kuma munka bar wa gobe. Laifinmu ne, ka yafe mana.

Ɗiyar Halima ƙanwarka ce, ɗana. Ka yi haƙuri.

Ni Na'ibi da na rubuta ina ƙarawa: na ji shaidar mata biyu, kowace daban, kuma tsofaffin unguwa sun san zancen. Ba sai an sha tare ba. Duk abin da Halima ta haifa, kafin ka ko bayanka, ɗan'uwanka ne. Allah ya musanya maka da alheri. Wassalam.

*

Shinkafi,
Laraba, 13 ga Rabi'ul Awwal.

Yaya Zulaihat,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da shirun da na yi.

Na karanta 412. Layi na tara kin rubuta: misali ƙanena Mubashir, Halima matar Maitama ta Birnin Tsaba ta shayar da shi, duk 'ya'yanta 'yan'uwansa ne. Shekara biyu sunana yana wurin. Layi uku na farko kawai na taɓa karantawa. Kuma alamar da ke kansa, wadda ta ce ba na gaggawa ba ne, ni na sa ta da hannuna. Ba sai kin ga fuskar na shida a jirginki ba.

Na je Zurmi da kaina na faɗa wa Alhaji Maitama. Ya yi kuka, ya ce ashe yana da ɗa namiji. Samira kuwa ban gan ta ba. Na ji muryarta a bayan katanga tana koya wa yara bakwai sau takwas, na tsaya har ta kai ƙarshen jadawalin, na tafi. Goron na raba a masallaci.

Mako uku na zauna na koyi abin da ban iya ba, na rubuta gyaran. Na shiga Sakkwato inda ake samun sabis na tura musu. Na'urarsu ta gode mini, ta ba ni lamba 977, ta ce in jira. Ban jira ba. Na haɗa tamu manhajar daban da gyaran a ciki, Malami zai kawo miki a ɗan katin memori, ki sa wa duk dangi. Ki koma wurin Inna tun tana iya faɗa.

Layin haihuwa kore ne kamar da. Na shayarwa na yi shi fari, kuma in ya haɗa mutum biyu, yana fitowa tun kafin a tambaya. Na gwada da suna biyu. Yana aiki, Yaya.

In kin bi ta Zurmi, ki gaishe mini da ƙanwata.

Ƙanenki,
Mubashir